Mota ta mutu da tsakar rana: ina mai ya tsaya?

Watannin Maris, Afrilu da Mayu su ne lokacin cirar albasa a ƙasar Madawa, Buza da Keita. Su ne kuma watannin da rana ta fi zafi. Cikin Afrilu zafi yana wuce digiri 40 ko a inuwa. A wannan lokaci ne motoci ke shiga fadamun Tarka da Majiya suna kwaso buhuna, daga Sabon Gida, Tunfafi ko Tamaske, su kai bakin babbar hanya. Daga nan manyan motoci su ɗauka zuwa Yamai, Kwatano, Akara ko Abijan.

Motocin da ke wanga aiki mafi yawansu tsofaffi ne. Akwai Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya. Akwai Land Rover da Toyota na da. Akwai kuma manya, su Berliet da Saviem da Mercedes, waɗanda wasunsu sun girmi direbobinsu. Da safe mota ta tashi lafiya lau. Da azahar, a kan hawa, da kaya cike, sai ta fara shessheƙa, ta ja, ta saki, ta mutu. Kowa ya san asarar da ke biye. Albasa cikin buhu ba ta son rana. Mai kaya ya ci bashin iri da na man ban ruwa. Wata rana ma ba albasa ba ce a bayan motar, mace ce mai naƙuda da a ke son a kai likita.

Sau da yawa laifin yana kan hanyar mai. In kun san wannan hanya, ko ba ku da sana'ar gyaran mota, kuna iya gane wurin da mai ya tsaya.

Hanyar da mai ke bi

Mai yana kwance cikin tanki. Daga tanki akwai tiyo, wani wuri na ƙarfe, wani wuri na roba. Tiyon ya bi ta mataci, wanda makanikai ke ce ma filtir, mai tare ƙasa da tsatsa. Daga nan sai fanfon mai. A tsohuwar mota mai shan isansi, wato abin da mutanen Najeriya ke ce ma fetur, fanfon yana manne jikin inji, injin ne ke motsa shi. Cikinsa akwai wata roba mai faɗi, tana hawa tana sauka kamar zugazugin maƙeri. Ita ke tsotso mai daga tanki ta tura shi karbirater. A karbirater mai ke gauraya da iska, ya shiga inji, buji ya ba shi wuta.

Duk mai garkar albasa ya san injin ban ruwa. Ya san in iska ta shiga tiyon da ke cikin rijiya, injin sai ya yi ta kuka, ruwa ba ya fitowa. Sai an cika tiyon da ruwa kafin ya ja. To fanfon mota haka ya ke. Ruwa-ruwa ya iya ja. In iska ko tururi sunka shiga, ba ya iya komi.

Isansi yana tafasa

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ruwan shayi sai ya kai digiri 100 kafin ya tafasa. Isansi ba ya jiran haka. Shi gauraye ne, akwai mai nauyi cikinsa akwai marar nauyi, kuma marar nauyin yana fara zama tururi tun wajen digiri 40. Ku zuba ɗan isansi a tafin hannu, nan da nan ya tashi ya bar hannu da sanyi.

Yanzu ku duba halin da ya ke ciki ƙarƙashin kapo. Ruwan inji da kansa yana kai digiri 80 ko 90. Salansa ta fi haka nesa. Ƙasa tana turo zafi daga ƙarƙashi. Mota tana hawan dutsen Adar da lamba ɗaya ko biyu, injin yana aiki iya ƙarfinsa amma tafiyar kaɗan ce, saboda haka iska ba ta shiga ta huce shi. Ga kuma wani abu: man da a ke tsotsowa ya fi saurin tafasa bisa ga man da a ke turawa. Sai isansin ya tafasa cikin tiyo ko cikin fanfo. Fanfo ya cika da tururi, karbirater ta shanye ɗan abin da ke cikinta, mota ta mutu, alhali tanki cike ya ke.

Wanga ciwo yana da alamunsa. Ba ya zuwa da asuba, ba ya zuwa da dare. Yana zuwa daga hantsi ya yi zafi har la'asar. Yana son hawa, yana son rairayi, yana son wurin da mota ke tafiya sannu. Yana kuma son lokacin da anka tsaya kaɗan. Direba ya tsaya salla ko ya sha ruwa, minti goma, ya dawo mota ta ƙi tashi. Dalili shi ne da an kashe inji, fanka ta tsaya, ruwa ya daina zagayawa, zafin duk ya taru ƙarƙashin kapo. Minti goma bayan kashewa, fanfon mai ya fi zafi bisa ga lokacin da a ke tafiya.

Gwajinsa ba ya cin ko dala. A buɗe kapo. In da hali a juya gaban mota wajen iska. A jiƙa tsumma da ruwa a ɗora bisa fanfon mai, a naɗa wani a tiyon ƙarfe da ke zuwa karbirater. A riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan bisa tsumman. Kada a watsa ruwa bisa wayoyin buji, kada kuma a kwara shi bisa kan inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa. Bayan minti goma ko goma sha biyar a gwada. Wasu fanfuna, kamar na tsohuwar Land Rover, suna da ɗan hannu daga ƙasa da a ke dannawa a jawo mai, sai a yi aiki da shi kafin a kunna. In mota ta tashi ta ci gaba lafiya, kun gane ciwon.

Wani lokaci abin juye ya ke. Man da ke cikin karbirater ne ya tafasa ya malala cikin inji, ya yi yawa. Nan za ku ji warin isansi sosai, kuma in an cire buji a same shi jiƙe. Direba mai gaggawa sai ya yi ta dukan totur da ƙafa, yana ƙara mata abin da ya riga ya shaƙe ta. Abin yi shi ne a taka totur har ƙasa, a riƙe shi nan, a kunna. Iska ta shiga da yawa ta busar da man. Kada a matsa ma batir: daƙiƙa goma, a huta, a sake.

Ba kowace mutuwa ce ta tururi ba

Nan ne a ke ɓata kuɗi. Mutum ya ga rana, ya ce zafi ne, ya jiƙa tsumma, mota ta tashi. Amma mai yiwuwa hutun da ta samu ne ya tashe ta. Akwai wasu cututtuka masu kama da wancan, kuma in kun kula kowane yana da abin da ya raba shi da sauran.

Ku fara da murfin tanki, don shi ya fi sauƙi. Kun san gwangwanin madara: in an huda shi wuri guda madara ba ta zuba sosai, sai an yi huda ta biyu. Tanki ma yana da ƴar kafa ta shan iska, a murfi ko a wani siririn tiyo. Ƙurar hunturu tana toshe ta. Wani kuma murfinsa ya ɓace, ya cusa leda da tsumma. Mota ta yi tafiya mai ɗan nisa, mai ya ragu, iska ba ta shiga ta maye wurinsa ba, fanfo ya kasa ja. Da mota ta mutu, ku kai kunne ku buɗe murfin sannu. In kun ji iska ta ruga ciki, kuma motar ta tashi nan take ba tare da ta huce ba, to kafar ce. Ku lura da kyau, don tankin da ya sha rana shi ma yana huci in an buɗe, amma nasa waje ya ke fitowa da wari.

Sai mataci. Hanyoyin ƙauyukanmu na duwatsu ne da gargada. Girgiza tana tayar da tsatsa da ƙasar da sunka kwanta gindin tsohon tanki, duk su taru a mataci. Matacin da ya toshe yana barin mai kaɗan ya wuce. Mota tsaye tana kuka lafiya, a kan shimfiɗaɗɗar hanya tana tafiya, amma da ta ga hawa ta buƙaci mai da yawa sai ta sare. A tsaya minti biyu, ta sake tashi, ta yi gaba kaɗan, ta sake. Abin da ya raba shi da tururi: wannan ba ruwansa da rana, ko tsakar dare yana yi. Matacin roba mai haske ana ganin cikinsa. A cire shi, a zazzage bisa farin tsumma ta wajen da mai ke shiga, ku ga abin da zai fito. Wanke shi na fita daji ne kawai. In an isa gari a sa sabo, kuma a duba kibiyar da ke jikinsa, ta nuna wajen inji. A ganina direban da ke bin Buza da Keita ba mataci na biyu cikin akwati, da gangan ya ke neman kwanan daji, don abin bai kai kuɗin buhun albasa guda ba.

Akwai wani mai rikitarwa ƙwarai. Guntun leda ko tsumma ya faɗa cikin tanki yana yawo. In fanfo ya ja, sai ya zo ya manne bakin tiyo, mota ta mutu. Da an kashe, ya saki ya koma yawonsa. Ana iya yin wata guda ana canza kaya ba a gane ba. In mota tana mutuwa ba lokaci ba dalili, sanyi ko zafi, hawa ko gangara, a sauke tanki a wanke.

Tiyon roba kuma yana tsufa. Zafi yana busar da shi ya tsattsage, musamman bakinsa wurin ɗauri. Tsakanin tanki da fanfo, tsagar ba dole ta zubar da mai ba, iska ce ke shiga ta nan, don wajen tsotso ne. Shi ya sa za ku duba ƙasa ba ɗigo ko ɗaya, ku ce tiyo lafiya ya ke. Ku lanƙwasa shi da hannu ku duba. Wani tiyon daga ciki ya ke ruɓewa, in ya yi zafi ya yi laushi ya manne kamar hanji. Tiyon ruwa na garka ba na mai ba ne, isansi yana cinye shi.

Fanfon da kansa yana gajiya. Fanfo mai ƙarfi yana iya ture ɗan tururi ya wuce, gajiyayye ba ya iyawa, saboda haka motar da ke yawan yin wanga ciwo kowace rana a tuhumi fanfonta. Ga gwaji, amma sai inji ya huce. A cire tiyon da ke shiga karbirater a sa bakinsa cikin kwalba. A cire ƙaramar wayar da ke kai wuta bobin don kada tartsatsi ya tashi. Mutum guda ya murza makulli kaɗan. Fanfo mai lafiya yana tofo mai da ƙarfi, tsit, tsit, tsit. In ɗigo ne ko kumfa, laifin yana fanfo ko bayansa wajen tanki. A zaro kuma sandar awon baƙin mai a sansana. In tana warin isansi, ko baƙin man ya ƙaru maimakon ya ragu, robar fanfo ta huje tana zuba cikin inji. Wannan kada a ce sai gobe, yana kashe inji ɗungum.

Kwalbar nan da kunka tara mai ciki, ku ajiye ta minti biyar ku ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi za ku gan shi kwance a gindi. Nijar tana tace nata mai a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, amma a ƙauyukan da ke nesa da gidan mai har yanzu na kwalba da na jarka a ke saye. Da Najeriya ta janye tallafin mai cikin Mayu 2023, wanda ke ƙetarowa iyaka ya yi tsada, kuma cikin Maris 2025 an yi ƙarancin mai a ƙasar nan, mutane sunka sayi duk wanda sunka samu. Ba duk mai sayarwa ne macuci ba. Amma tsohuwar durom tana tara ruwa da tsatsa, wani kuma yana ƙara kananzir. A tace da kyalle mai tsabta lokacin zubawa, kuma kada a yarda da na gindin jarka.

Abu guda ya rage wanda ba na mai ba ne sam, amma yana sa rigar mai. Bobin, wato abin da ke ƙarfafa wutar buji, in ya tsufa yana daina aiki da ya yi zafi, ya dawo da ya huce. Bambancin yana wurin yadda motar ta mutu. Yunwar mai sannu ta ke kashewa, da shessheƙa da fizga. Rashin wuta sau da yawa farat ɗaya ne, kamar an murza makulli. Tun motar tana da zafi a cire matacin iska, a leƙa maƙogwaron karbirater inji kashe, wani ya taka totur. In kun ga siririn mai ya tsarto, mai yana nan, ku koma wajen wuta.

Ƴan'uwa, da ƴar takarda da alƙalami cikin mota, ku rubuta ƙarfe nawa ta mutu, a kan hawa ko a fili, da kaya ko wayam, minti nawa ta yi kafin ta tashi. Kwana uku na wanga rubutu ya fi ma makaniki amfani bisa ga a ce masa kawai mota ba ta da lafiya. Kuma ku hana a canza abu uku rana guda, don ba za ku san wanda ya yi maganin ba.

Masu shan gazwal

Manyan motoci labarinsu daban ne. Gazwal ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 150 da nisa, saboda haka rana ba ta mai da shi tururi, sai fa in an gauraya shi da isansi. Abokan gabansa iska ne, da ruwa, da dauɗa. Ko iska kaɗan ta shiga, mota ta mutu kuma ba ta tashi sai an fitar da ita. A jikin babban fanfo akwai ƙaramin fanfon hannu. A kwance kusar da ke bisa mataci kaɗan, a yi ta dannawa har kumfa ya ƙare, mai zalla ya fito, sannan a ɗaure. In gobe iska ta dawo, akwai inda ta ke shiga, a bi tiyo ɗauri-ɗauri har tanki. Yawancinsu suna da ƙoƙon tara ruwa ƙarƙashin mataci, a riƙa zubar da shi.

Zafi yana taɓa su ta wata hanya. Gazwal mai zafi yana tsinkewa ya yi ruwa-ruwa. In babban fanfo ya cinye daga ciki, man sai ya riƙa zillewa ta gefe maimakon ya tafi inji. Alamarsa: da safe bugu ɗaya ta tashi, da rana in an kashe sai turi ko jiran awa guda. Wasu suna kwara ma fanfon ruwan sanyi. Motar tana iya tashi, amma ƙarfen waje yana tsukewa kafin na ciki, fanfon na iya cijewa ya karye, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Wannan aikin masu gyaran fanfo ne a Tawa, Ƙonni ko Maraɗi. Kananzir cikin gazwal shi ke saurin jawo wanga lalacewa, don ba shi da santsin da fanfo ke buƙata.

Kada kowa ya sa yatsa yana laluben yoyo a siraran bututun ƙarfe da ke fita daga babban fanfo alhali inji na aiki. Man da ke ciki yana da ƙarfin huda fata, kuma raunin da ya yi kamar tsinin ƙaya yana iya kai mutum ga rasa hannu. Wanda abin ya sama a kai shi likita ranar, ko bai ji ciwo ba.

Kafin bazara ta kama

Motar isansi da ke yawan tururi ana iya rage mata. A bi tiyon mai a ga inda ya kusanci salansa, a matsar da shi, ko a sa guntun kwano tsakani da ɗan fili don iska ta ratsa. Tsakanin karbirater da inji akwai wani baƙin faifai mai kauri mai tare zafi, wasu masu gyara suna yar da shi suna cewa ba shi da aiki. A mai da shi. A wanke radiyater daga ciki, a kakkaɓe ƙaiƙayi da ƙura daga haƙoransa, a ɗaure bel ɗin fanka, don injin da ke zafi fiye da ƙima shi ke dafa mai. Tanki ya zauna sama da rabi, yana sauƙaƙa ma fanfo, amma kada a cika shi har baki da rana, mai yana kumbura ya zube. Wanda ke da hali ya sa fanfon lantarki kusa da tanki, daga ƙasa, ya riƙa turo mai. Motocin zamani cikin tanki fanfonsu ya ke, shi ya sa ba su san wanga ciwo ba. Sai dai a haɗa shi da fis, kuma ya mutu in an kashe makulli.

Wasu in fanfo ya mutu a daji suna ɗaure jarka bisa rufin mota, mai ya gangaro karbirater da kansa. Tana kai mota gari, gaskiya ne. Amma isansi ne bisa kan mutane, kusa da inji mai zafi. In dole ta sa, fasinja su sauka, a tafi sannu, a tsaya garin farko. Yaron mota kada ya tsotsi mai da baki, in ya sarƙe ya shiga huhu yana kisa. Taba da ashana su yi nisa. In wuta ta kama, rairayi a ke zubawa ko a danne da bargo mai kauri, ruwa yana ɗaukar isansi ne ya yaɗa wutar.

Wanda zai iya ya yi lodi da yamma, ya tashi bayan asuba, ya gama da hawan dutse kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Jarkar ruwa ta lita 20 ta zauna cikin mota daban da na radiyater, don tsumman fanfo da kuma mutanen da za su jira a rana.